Ɗora furofil ɗin burauza a kan RAM: dabara ce ko kasada a garin da wuta ke ɗaukewa?

Mai Sibar Harobanda
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Shawarar masana nake nema. Kwamfutocin sibar ɗina na tebur ne, tsofaffin Core i3, RAM giga 4, diski mai juyawa, Linux Mint ke kansu. Komai na tafiya daidai in ban da burauza. Ɗalibi zai taho daga Jami'ar Abdou Moumouni ya zauna yana cika takardar neman gurbin karatu, ya danna wani wuri, sai Firefox ya ƙame, fitilar diski ta kama ta ƙi sauka, kana jin ƙir-ƙir a cikin akwatin, can sai ya saki. Ba rezo ba ne, don wayata a kan wifi ɗaya take kuma nan take take buɗe shafin. Wani yaro da ke zuwa wurina ya ce a ɗauke furofil ɗin burauza daga diski a mayar da shi cikin RAM. Me ake nufi da haka, kuma abin yi ne?

Injiniyan Filato
Wa alaikumus salam Alhaji. Yaron ya san abin da yake faɗa. Furofil folda ce guda da Firefox ke zuba duk abin da ya shafi mai amfani da shi. A Mint galibi tana cikin ~/.mozilla/firefox, ko ka rubuta about:profiles a wurin adireshi ya nuna maka ita. In ka leƙa ciki za ka ga places.sqlite, nan tarihin shafukan da aka buɗe da waɗanda aka ajiye suke. Akwai cookies.sqlite, shi ke sa Facebook ya tuna ka shiga. Akwai logins.json da key4.db, su ne kalmomin sirri da makullinsu. Sannan akwai fayil ɗin da ke riƙe da shafukan da ke buɗe yanzu, wanda a tsarinsa na asali Firefox kan iya sake rubuta shi duk bayan daƙiƙa 15.

Ba girman waɗannan fayilolin ne ke wahalar da mashin ɗinka ba, yawan taɓa su ne. Rubutu ne ƙanana ƙanana, nan da can. Kuma SQLite, tsarin da ke rubuta fayilolin nan masu .sqlite, ba ya yarda ya wuce gaba a wasu rubuce-rubucen sai diski ya tabbatar masa abin ya sauka a kan faranti, kiran da ake ce wa fsync. Diski mai gudun 7200 a minti yana cin kusan kashi 8 cikin dubu na daƙiƙa kafin ya zagayo sau ɗaya, ga kuma lokacin da allura ke ɗauka ta matsa. Da ƙyar yake yin irin wannan aiki warwatse sama da ɗari a daƙiƙa. Kamar mai kanti ne da littafin cinikinsa ke can cikin sito, duk wanda ya sayi ashana sai ya tashi ya je ya rubuta ya dawo kafin ya saurari na baya. In furofil na cikin RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi mai sauri da kwamfuta ke aiki a cikinta, littafin na kan teburinsa.

Malamin Lise
Injiniya, ban gamsu ba tukuna. Ai Linux da kansa yana ajiye duk fayil ɗin da aka karanta a cikin RAM ɗin da ba a amfani da shi. Buga free -h ka ga abin da ke ƙarƙashin buff/cache. To in dai tsarin ya riga ya yi wannan aiki, mene ne amfanin mu sake yi masa da hannu? Ni ina ganin irin dabarun nan ne da suka yi amfani shekaru goma sha da suka wuce, mutane suka riƙe su har yau.

Injiniyan Filato
Malam, a wajen karatu kana da gaskiya ɗari bisa ɗari. Bayan buɗewar farko, karatu daga RAM yake zuwa ko ka yi dabara ko ba ka yi ba. Rubutu ne ya bambanta. Idan shiri ya kira fsync, Linux ba ya da ikon ya riƙe abin a RAM ya ce an gama, dole ya jira diski. A kan tmpfs kuwa, wato wurin ajiye fayiloli da Linux ke warewa a cikin RAM, babu diskin da za a jira, kiran na dawowa nan take. Kuma ka yi daidai da ka ce abin tsoho ne: a 2008, lokacin Firefox 3, masu Linux da tsarin ajiye fayiloli na ext3 sun sha wannan ƙamewar sosai. An gyara abubuwa da yawa tun daga nan, an rage yawan jiran, an kawar da yawancinsa daga hanyar da ke zana allo. Amma diskin Alhaji bai canza ba, shafukan yau kuma sun fi na da yawan rubuce-rubuce nesa ba kusa ba.

Abin da ba zai yi ba shi ne ƙara gudun intanet. Shafin da ke jan ƙafa saboda rezo zai ci gaba da jan ƙafa.

Ɗan Katako
Ku yi haƙuri in shigo. Ni mashinan nan nake buɗewa kullum, kuma abu biyu ba ku taɓo ba. Na farko giga 4. Mint da kansa ya ci nasa, Firefox da shafuka biyar shida ya ci nasa, me ya rage? tmpfs ba ya ƙirƙiro RAM, daga wanda kake da shi yake yanka. In ya cika, Linux zai fara tura abubuwa swap, wato wurin ajiye abin da RAM ya kasa ɗauka, swap kuma a kan wane diski yake? Wannan dai mai ƙir-ƙir ɗin. Ka gudu ka dawo inda ka baro, har ma abin ya fi da muni.

Na biyu wuta. Mu a Yamai muke. RAM ba ya riƙe komai in babu wuta, ko na ƙiftawar ido. Kowa ya tuna yadda aka yi daga Agusta 2023 da layin Najeriya ya tsaya har zuwa Maris 2024, kuma ko ba wannan ba, bazara na shigowa, Afrilu da Mayu, kowa ya san halin da ake ciki. Kwamfutar tebur marar ondular, batirin da ke riƙe ta in wuta ta ɗauke, ka ɗora mata furofil a RAM? Alhaji ka sa SSD, diskin nan da ba ya juyawa, ka huta. Ko ƙarami ne mai giga 120 zai canza maka mashin gaba ɗaya, ba burauza kaɗai ba.

Hajiyar Lazare
Ɗan Katako Allah ya yi maka albarka, maganata ka faɗa. Ina da wurin buga takardu, kuma wani yaron gidanmu ya yi mini irin wannan a kwamfutar da nake aiki da ita, Windows ce, ya ware mata wani diski na RAM. Gaskiya ta yi sauri, ba zan ɓoye ba. Wata rana da hantsi na buɗe wa wata baiwar Allah sabon imel don neman aiki, burauza ya ce in ajiye kalmar sirri, na ajiye, ta tafi a kan za ta dawo da yamma mu tura takardun. Kafin azahar wuta ta ɗauke. Da ta dawo na kunna, babu kalmar, babu tarihin ranar, kamar ban zauna a kujerar ba tun safe. Ashe sai an kashe mashin da hannu yake mayar da abin kan diski. Matar nan ba ta rubuta kalmar a ko'ina ba, ni ta dogara da ni. Sai da muka bi ta lambar wayarta kafin muka buɗe akwatin imel ɗin, ranta a ɓace, nawa ya fi nata. Duk mai riƙe da amanar mutane a mashin ɗinsa ya yi tunani sosai kafin ya yi wannan.

Ɗalibar Tawa
Sannu Hajiya, wanga abu da ciwo. Amma ina so a bambance, don abin da aka yi miki rabin aiki ne. Ni ina amfani da profile-sync-daemon, ana taƙaita shi psd, a kwamfutata ta hannu mai giga 8 da tsohon diski. Yana cikin ma'ajiyar Debian da Ubuntu da Mint:

sudo apt install profile-sync-daemon

Ka rufe burauza, ka buga psd sau ɗaya ya ƙirƙiro ~/.config/psd/psd.conf, ka zaɓi burauzar da kake so, sannan:

systemctl --user enable --now psd

Yana kwafe furofil zuwa tmpfs a ƙarƙashin /run/user, ya bar asalin a diski da sunan da ke ƙarewa da backup, ya sa mahaɗi a wurin don Firefox bai ma san an matsar da shi ba. Daga nan yana mayar da canje-canje kan diski da shirin kwafi na rsync duk awa ɗaya, da kuma lokacin da ka fita. To in wuta ta ɗauke, abin da zai ɓace shi ne na bayan kwafin ƙarshe, ba na yini duka ba. Awa ɗayan nan ma ba dole ba ce, ni na mayar da ita minti 10 ta hanyar gyara psd-resync.timer. In mashin ya mutu ba shiri, yana ajiye kwafi mai crashrecovery a sunansa da kwanan wata. psd p zai nuna maka girman furofil da inda yake.

Nan Tawa ma wutar ba ta fi ta Yamai zama ba, amma ni batir gare ni. Shi ya sa hankalina ke kwance.

Ɗan Katako
Ƙanwata kin faɗa da bakinki, batir gare ki. Kuma giga 8 gare ki. Ke abin ya dace da ke, ban musa ba. Sai dai ki riƙa duba lafiyar batirin, don rabin kwamfutocin hannu da ake kawo mini in ka zare caja nan take suke mutuwa, zafin garin nan ya gama da su. Irin waɗannan da ta tebur duk ɗaya ne.

Injiniyan Filato
Ƙarin bayani a kan psd ga wanda zai gwada. Wurin da yake zubawa, /run/user, systemd ya iyakance shi da kashi 10 cikin ɗari na RAM in ba ka canza ba. Mashin mai giga 4 ke nan kusan mega 400. Furofil ɗin Firefox mai tsafta zai shiga, amma na Chrome da aka daɗe ana amfani da shi kan wuce haka. Ka auna tukuna da du -sh. Mafita biyu ce: ko ka ƙara RuntimeDirectorySize a /etc/systemd/logind.conf, ko ka kunna USE_OVERLAYFS a psd.conf. Da overlayfs, wanda ya shiga Linux tun 3.18 a 2014, abin da ya canza kaɗai ke zama a RAM, sauran ana karanta shi daga diski. Yana buƙatar ka ba wa psd-overlay-helper izini a sudoers.

Masu Ubuntu 22.04 zuwa sama su lura, Firefox ɗinsu na snap ne, furofil ɗinsa na can ~/snap/firefox/common, a killace, psd ba ya tafiya da shi kai tsaye. Mint bai bi wannan hanya ba, don haka Alhaji ba ruwansa da wannan.

Malamin Lise
To na ji batun fsync, na karɓa. Ga wata tambaya. Wasu na cewa a bar furofil inda yake, a hana burauza ajiye kwafin hotuna da shafuka a diski, wato a shiga about:config a mayar da browser.cache.disk.enable zuwa false. Sun ce babu haɗarin rasa komai. Wannan bai fi sauƙi ba?

Ɗalibar Tawa
Ya fi sauƙi Malam, kuma gaskiya ba ka rasa kalmar sirri ko tarihi. Amma mega kake biya. Taskar kwafin nan ita ke hana burauza sake saukar da tambari da hotuna da rubutun JavaScript na shafin da ka buɗe jiya. In a RAM take, kana rufe burauza ta tafi, gobe da safe a sake sauke komai daga farko. Wanda ke da fibar a ofis ba zai ji ba. Mu da ke sayen forfe na yini a Airtel ko Moov ko Zamani muna raba wa kwamfuta daga waya, muna ji a aljihu. Ni na bar ta a diski. Kuma psd ma ba ya taɓa ta, don a Linux tana ~/.cache/mozilla, ba cikin furofil ba.

Baƙo daga Yantala
Salamu alaikum. Mu masu Windows 10 fa? Duk maganarku ta Linux ce.

Ɗan Katako
Ana yi da ImDisk da makamantansa, ka ware diski na RAM ka nuna wa burauza can. Amma babu wani abu da ya zo a shirye kamar psd, kai za ka tsara mayarwar, kuma abin da ya sami Hajiya ke nan. In giga 4 gare ka kada ma ka fara. Buɗe mai kula da ayyuka, wato Task Manager, ka duba diski, in ka gan shi a 100% ya ƙi sauka, SSD kake buƙata. Kuma ka sani Microsoft ya daina tallafin Windows 10 na kowa da kowa tun 14 ga Oktoba 2025, wannan ya fi saurin burauza cancantar ka damu da shi.

Malamin Lise
Tunda ana ta kiran SSD: na taɓa karanta cewa wannan rubutu na duk daƙiƙa 15 yana cinye shi. Ashe ko mai SSD ma yana da dalilin komawa RAM.

Injiniyan Filato
An yi wannan surutu a 2016, ana maganar wajen giga 10 a yini ga mai barin shafuka da yawa a buɗe. Mu ɗauka haka ne. Crucial BX500 mai giga 240, wanda ba na tsada ba ne, kamfanin ya ba shi tera 80 na rubutu. Raba 80,000 da 10, kwana 8,000, sama da shekara 20. Ƙura da zafi za su kashe mashin ɗin kafin nan. In abin ya dame ka, ƙara browser.sessionstore.interval daga 15000 zuwa 60000, ya koma minti ɗaya. Wanda ya riga ya sa SSD, a ganina, ribar da zai samu daga psd ba ta kai kasadar ba.

Amma Alhaji, tun ɗazu wani abu ke yi mini yawo a kai. Duk tsoron da muke yi na kada furofil ya ɓace ne. Kai kuwa sibar gare ka. Me ke cikin furofil ɗin mashin ɗin baƙi da kake son ya kwana? Facebook ɗin wanda ya tashi bai fita ba? Imel ɗin yarinyar da ta danna "ajiye kalmar sirri" ba ta sani ba, na bayanta ya zauna ya tarar da shi a buɗe? A wurinka mantuwar RAM alheri ce. Kai ba psd kake buƙata ba, don shi aikinsa tunawa ne. Ka shirya furofil guda mai tsafta, ka sa masa shafin farko da uBlock Origin mai toshe talla da harshen da kake so, ka ajiye shi a diski. Sai ka rubuta ɗan fayil kamar haka, ka ɗaura shi a kan tambarin Firefox da ke allo:

rm -rf /dev/shm/bako
cp -r ~/furofil-tsafta /dev/shm/bako
firefox --profile /dev/shm/bako
rm -rf /dev/shm/bako

Duk wanda ya buɗe, sabo fil zai samu. Ya rufe, an share. Wuta ta ɗauke, an share. /dev/shm folda ce a cikin RAM, tana iya kaiwa rabinsa, amma abin da ka zuba kaɗai take ci, kuma furofil mai tsafta ƴan megogi ne.

Hajiyar Lazare
To wannan kam ban da ja a kai. Sau nawa nake tarar da akwatin imel ɗin mutum a buɗe in rufe masa. Amma Alhaji ka liƙa takarda a bango, da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, cewa mashin ba ya ajiye komai, kowa ya rubuta kalmar sirrinsa a takarda ya tafi da ita. In ba haka ba gobe wani zai zo ya ce ai jiya a nan ya bari.

Ɗan Katako
Na yarda da wannan, don babu abin asara a ciki. Sai dai giga 4 tana nan yadda take. Injiniya, in ka kira Firefox da --profile haka, taskar kwafi ma cikin wannan foldar take faɗawa, wato cikin RAM. Mutum ɗaya ya zauna kallon bidiyo da hotuna, ta kumbura.

Injiniyan Filato
Haka ne, ka kama wuri mai kyau. A furofil mai tsaftan ka mayar da browser.cache.disk.smart_size.enabled zuwa false, ka sa browser.cache.disk.capacity ya zama 200000, kusan mega 200 ke nan. Ko kuma ka nuna wa browser.cache.disk.parent_directory wata folda a diski, ka ceci megan da ɗalibarmu ta yi magana a kai, sai dai a nan ɓurɓushin abin da baƙo ya kalla zai rage wa na bayansa. Ni da ni ne, zan bar ta a RAM in iyakance ta. Sannan a kunna zram, ya matse abin da za a tura swap a cikin RAM maimakon diski.

Mai Sibar Harobanda
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na gwada tsarin Injiniya a mashin na kusa da ƙofa, wanda ya fi kowanne ƙamewa. Buɗewar farko bayan kunnawa har yanzu tana ɗan jan lokaci, amma bayan nan fitilar diski sai jefi-jefi take ƙiftawa, kuma ɗaliban da suka zauna a kansa babu wanda ya kira ni. Da la'asar wuta ta ɗauke, ta dawo, na kunna, ya tashi tsaf babu tambayar a maido da shafuka. Abu ɗaya na lura: takardun da suka sauke, har da hoton katin shaidar wani, suna nan a foldar saukewa.

Ɗalibar Tawa
Eh Baba, wannan foldar ba ta cikin furofil. Ko ka ƙara layi a ƙarshen fayil ɗin ya share ta, ko ka sa wurin saukewa ya zama cikin /dev/shm shi ma. Amma ka yi hankali da na biyun, mutum na iya sauke takardar da zai buga, wuta ta ɗauke kafin ya kai ta firinta ko ya zuba a kile. Ni ina ga a bar ta a diski, a share da dare in an tashi.

Mai Sibar Harobanda
Da dare zan riƙa sharewa, ɗiyata, haka ya fi mini. Sauran mashinan baƙi zan yi musu gobe in Allah ya kai mu. Nawa na kan kanta, mai lissafin kuɗi da imel ɗina, ba zan sa shi a RAM ba. Ɗan Katako, ranar Asabar bayan azahar kana shago? Zan kawo shi ka sa masa SSD, ka duba mini ko babban allon da ke cikin mashin ɗin zai karɓi ƙarin RAM.

Ɗan Katako
Ina nan Alhaji. Kafin ka taho ka rufe Firefox ka kwafe foldar furofil ɗin gaba ɗayanta a kile, kada ka ɗauki logins.json ka bar key4.db, ɗaya ba ya buɗuwa sai da ɗaya. Ka turo mini hoton takardar da ke liƙe a jikin RAM ɗin in ga ko DDR3 ne, don in nemo irinsa tun kafin ka iso.